Kunun Shinkafa a Cikin Takaba

Maigidana ya rasu cikin sanyi, wurin aiki suka ba ni sati biyu. Sati biyu! Na ce wa sufabaiza tamu, wata Baturiya mai kirki gwargwadon iyawarta, a addininmu matar da mijinta ya mutu wata huɗu da kwana goma take yi tana takaba: ba kwalliya, ba turare, ba kwana a wani gida, ba fita sai da dalili. Ta dafa kafaɗata, ta ce ta tausaya min ƙwarai, sannan ta ce ranar Litinin ta sama ƙarfe shida tana jirana. Na tambayi malamin masallacinmu na unguwar Longsight a nan Manchester, ya ce fita neman abinci da rana lalura ce, babu laifi, in dai a ɗakina zan kwana. To, kuɗin haya da harajin council tax ba su san takaba ba. Na ɗauki farin hijabina na koma shara.

Farkon shekarun dubu biyu ne, muna wani ɗan gida a unguwar Gorton, ni da 'yata guda ɗaya da ta shiga jami'a a shekarar. Ni da marigayi duk 'yan zangon Kumasi ne, kakanninmu daga Kano, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san ba ma barin mai makoki shi kaɗai. Allah ya saka wa matanmu da alheri, sun yi min ɗawainiya. Amma wallahi su suka hana ni cin abinci. Ba da gangan ba. Za a kawo kula cike da tuwo, a zuba, a ajiye a gabana, sai mata biyar su zauna su zuba min ido. In na kai loma uku, sai in ga wata ta kalli wata, wato har ta warware ke nan. In na ture kwanon, a yi min caa: "Ci mana, baiwar Allah, so kike ki bi shi?" Sai abincin ya fita raina kawai. Na yi sati uku ba komai a cikina sai ruwan shayi, zanena har ya fara zagaye ni sau biyu.

Aiki biyu nake yi lokacin. Da sassafe in share ofisoshi a tsakiyar gari har ƙarfe tara, sha ɗaya da rabi kuma in shiga kicin ɗin wata firamare. Tsakani akwai awa biyu da rabi da ba ni da inda zan sa kaina. In na ce zan koma Gorton, kafin in cire takalmi lokacin fita ya yi. Da can marigayi ne yake zuwa da tasinsa mu karya tare a cikin mota. Yanzu sai in yi ta zaga tituna da jakata kamar wadda ta ɓata.

Wata safiya ruwan Manchester ya yi min dukan tsiya, na fake a ƙofar wani shago a wani lungu bayan unguwar 'yan Caina. Gilashin shagon duk ya yi gumi. Ta ciki an rataye gasassun agwagi, kusa da su ga wani jan nama wanda ko ba a faɗa min ba na san na alade ne. Na kau da kai ina a'uzubillahi. Sai ƙofa ta buɗe, wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, biro a bayan kunne, ta daka min tsawa da guntun Turancinta: in shiga ko in tafi, kar in tare mata ƙofa. Ni kuwa a rayuwata ba a yi min tsawa in gudu. Na shiga don kawai in nuna mata.

Ɗaki ne ɗan ƙarami, tebur bai fi takwas ba, duk sun koɗe, kujeru na ƙarfe, jar kalanda a bango, talabijin can sama tana ta surutu da yarensu. Tsofaffin mutanen Hong Kong ne suka cika shi, masu aikin kicin da suka yi ritaya da waɗanda ba su shiga aiki ba tukuna, kowa da jaridarsa. Abincin mai araha ne, irin wanda mai shara za ta iya ci kullum ba ta ji a jikinta ba. Kuma suna da wata al'ada da ban sani ba: a wurin ba a ba mutum tebur, kujera ake ba shi. Duk inda gurbi yake nan za a cusa ka, ko da wa ka tarar. Tsohuwar ta nuna min wata kujera da bironta, gaban wani dattijo mai hular ulu. Na tsaya cak. Mai takaba, tebur ɗaya da namijin da ba muharraminta ba? Na duba, babu wani gurbin. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba; ya ja kofinsa gefe ya ba ni wuri, ya ci gaba da karatunsa. Na ɗosana a bakin kujera, jakata a cinya.

Aka dire min butar shayi mara madara, da kofi, da cokali, da 'yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su, da wani kwano babu komai a ciki. Ni 'yar gidan mutunci ce, na san abin da ake nufi da buta da kwano kafin abinci. Na ce a raina, kai, ashe mutanen nan sun san ya kamata. Na naɗe hannun riga, na miƙa hannun dama a kan kwanon, na tsiyaya. Wayyo Allah! Tafasasshe ne. Na zabura ina yarfe hannu ina salati, buta ta kusa kifewa. Dattijon ya sauke jarida, ya dube ni, ya dubi kwanon, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya jawo kwanon, ya tsoma kofina da cokalina da sandunan, ya ɗauraye su da shayin, ya jera min a gabana. Ashe na wanke kayan ci ne, ba na wanke hannu ba. Sai na ji wani abu ya taso min daga ciki, kafin in tare shi ya fito: dariya. Na toshe baki da hijabi ina waige-waige, ina neman wadda za ta kalli wata. Babu. Kowa ta kansa yake yi. Nan take na ji yunwa, yunwa ta gaske.

A cikin wani akwatin gilashi kusa da mu akwai 'yan kek masu ƙwai a tsakiya, da ɗuminsu. Na miƙa hannu zan nuna ɗaya, sai ji na yi an make min hannun, wanda ya ƙonen kuwa. Tsohuwar ce. Ta nuna hijabina, ta nuna naman da ke rataye, ta girgiza kai: da man alade ake kwaɓa ɓawon. Ta ce a Longsight take zaune tsakiyar Musulmi, ta san dokarmu sarai, kar in raina mata hankali. Ni da aka mara, ni kuma ake wa faɗa! Ta shige ciki, ta sauko da wata 'yar tukunya daga kan wata kanta, ta wanke ta a inda zan gani, ta dama min kunun shinkafa da ruwa zalla, ba da romon da suke zuba wa na kowa ba. Ta sa gishiri, da citta, da lawashi, da yankan farin kifi. Ta haɗo min da wani dogon fanke mara sukari da ake tsomawa a ciki. Shayin kuwa a wani dogon buhun yadi da ya rine ta tace shi, tana ɗaga buta sama tana zubowa kamar mai shayin bakin tasha, ta kwarara madarar gwangwani har ya yi kauri. Na shanye kunun nan tas, na kankare kwano. Ba wanda ya ce min sannu, ba wanda ya ce na ƙoƙarta. Tsohuwar ta ɗauke kwanon tun cokali bai gama sauka ba, don wani yana jiran kujerar.

Daga ranar na zama 'yar gida. Na sa wa tsohuwar suna Iya, ita kuwa ba ta sa min komai ba, da biro take nuna ni. 'Yar tukunyar nan ta zama tawa, aka ɗaura mata jan zare a mariƙi. Ranar da mai dafa musu abinci ya kuskura ya ɗauke ta, faɗan da Iya ta yi masa har titi ana ji. Ban taɓa ganin mai tsare min addinina da masifa irin matar nan ba, ita da take kunna wa wani ɗan gunki turaren tsinke a bayan kantarta. Na koyi dokokin wurin ɗaya bayan ɗaya. In kana son ƙarin ruwan zafi ba ka kiran kowa, ka ɗaga murfin buta ka jingine shi. In wani ya tsiyaya maka shayi, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, an gama godiya ke nan. In ka tsaya kana karanta takardar abinci, Iya za ta wuce ka ta bar ka da yunwarka. Ranar da ba na son kunu sai ta gasa min burodi mai kauri, ta shafa bota, ta zuba masa madara mai zaƙi a kai, in ci ina lashe yatsa kamar yarinya.

Dattijon mai hular ulu kuwa, kusan kullum gurbin gabansa ne a buɗe, don shi ma da lokacinsa yake zuwa. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Wata rana ina cikin shan kunu na tuna yadda marigayi yake hura min koko a mota don ya san ba na son zafi, sai hawaye suka ɓalle. Dattijon ya turo min takardar goge baki da ɗan yatsa, ya juya shafin jaridarsa. A gida in na fara kuka sai an yi ta rarrashina har in ji kunya in haɗiye. A nan aka bar ni na yi shi har ƙarshe, na share fuska, na shanye kununa. Na fara mayar da jiki. 'Yata ta ce, "Mum, fuskarki ta dawo."

Abin da na manta shi ne, matanmu duk a unguwar 'yan Caina suke sayen kifi da busasshen jatan lande da buhun shinkafa, don ya fi sauƙi. Wata 'yar zangonmu da ke Longsight, wadda ba zan faɗi ko kamanninta ba don har yau muna gaisawa, ta zo wucewa ta leƙa ta gilashi. Abin da ta gani gaskiya ne: ni ce, ga farin hijabina, ga namiji a gabana yana tsiyaya min shayi, ga alade a rataye a saman kaina. Ba ta shigo ta tambaye ni ba. Ta tafi gida ta ɗauki waya. Kafin sati ya zagayo labarin ya je Birmingham, ya je Landan, har Kumasi an kira ƙanwata, kuma duk inda ya sauka sai ya ƙara ƙiba. Dattijon ya zama saurayi mai gidan abinci. Har an ce ya yi min alkawarin gida, flat guda.

A Birmingham ɗin kuwa akwai Yaya, yayar marigayi, a Balsall Heath. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo shi Ingila, ita ta je Kumasi ta nemo masa ni. Shekara ashirin da biyu ina gidan ƙaninta, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Amarya. Kuma a al'adarmu ta zango, ranar fita takaba babbar mace daga dangin miji ce take zuwa ta tsefe wa matar kai, ta haɗa mata ruwan wanka, ta miƙa mata sabon zane, sannan ta tsaya a gaban mata ta ce: ta riƙe amanar ɗan'uwanmu da ransa da bayan ransa, mun sallame ta lafiya. Ba farilla ba ce, kowa ya sani. Amma wannan kalmar ita ce shaidar zaman aurenki gaba ɗaya, kuma matar da ba a faɗa wa ita ba, har ta mutu ana nuna ta da baki. Ba zan yi ƙarya ba, ina son kalmar nan. Na yi mata wahalar shekara ashirin da biyu, kuma daga bakin Yaya nake son in ji ta.

Saura kwana arba'in in fita, Yaya ta aiko in zo. Ranar Lahadi muka hau babbar motar coach ni da 'yata. Muka tarar da ita a falo da mata huɗu na dangi, mijinta Alhaji yana gefe da carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta bar ni a durƙushe.

"Amarya, gaskiya ne abin da nake ji?"

"Ban san abin da kika ji ba, Yaya."

"An ce kullum kina gidan masu alade. An ce ke da wani ƙato kuna shan shayi a buta ɗaya kina ɓaɓɓaka dariya, ƙasar kabarin ƙanena ko bushewa ba ta yi ba."

Na ce gidan abinci ne, kunu nake sha da kifi, a tukunyar da haram ba ta shiga. Na ce ƙaton da ake faɗa ya girmi Alhaji, kuma ban taɓa jin muryarsa ba. A wurin haka ake zama, inda aka samu kujera. Dariya kuwa na yi, ba zan musa ba.

"Kun ji ko?" Ta juya wajen matan. "Da bakinta." Sannan ta yanke hukunci: takabata ta ɓaci. In daina zuwa wurin, in tuba, in sake ƙirga daga ranar, wata huɗu da kwana goma cif. In na yi haka za ta zo da ƙafarta ta fitar da ni, zanen ma ta riga ta saya, ta nuna wata leda a kan kabad. In ban yi ba, babu ɗan gidansu da zai taka ƙofata.

Na dubi ledar nan. Na hango gefen atamfar, shuɗiya ce, launin da marigayi yake so a jikina, kuma na san ta san haka. Da na yi shiru na minti ɗaya, wataƙila da na amsa. Amma ni tun ina yarinya bakina yake riga hankalina tashi. Na miƙe daga durƙuson ba tare da an ce in tashi ba.

"Yaya, ke da kika ce mai takaba ba ta fita, ke kika sa na hau mota awa biyu na zo har Birmingham don ki gaya min haka. Wannan fitar a wane littafi take?"

Alhaji ya yi tari, ya duƙufa a kan carbinsa.

Na ce, "Sati uku ina bushewa a gabanku ana ƙirga min loma. Wadda ta ciyar da ni ko sunana ba ta sani ba. Ban ci haram ba, ban sa kwalli ba, ban kwana a ko'ina ba sai ɗakin ƙaninki, a gefen da yake kwanciya. In na sake ƙirga, na yarda ke nan na ci amanarsa, ni kuwa ban ci ba. Allah ya ce wata huɗu da kwana goma. Bai ce sai Yaya ta sa hannu ba."

Matan suka ɗauki salati. Yaya ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta faɗa da ƙarfi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "To, Amarya, ki fitar da kanki." Ko ruwa ba mu sha a gidan ba.

Muka hau motar komawa gida. 'Yata, haihuwar Manchester, ta ce da Hausarta mai cakuɗe da Turanci, "Mum, just say sorry. Ki ce kin sake counting, wa zai duba? Gwaggo tana Birmingham, ke kina Gorton." Na ce mata ni zan duba. In na yi wannan ƙaryar, ranar da Yaya za ta tsaya ta ce na riƙe amana, ni na san da ƙarya na samo kalmar, to me na ci? Ta yi tsaki ta juya wajen taga. Can kuma ta lalubo hannuna ta riƙe har muka iso.

Na koma wajen malam. Ya ce babu wani sake ƙirga a shari'a, ko mace ta yi kuskure kwanakinta suna tafiya, balle ni. Na ce, "To, Malam, ka faɗi haka ranar Juma'a mana, ko ka ɗaga waya ka kira Birmingham." Ya shafa gemu, ya ce Hajiya, wato Yaya, babba ce, a bi ta a hankali. Na yi masa godiya na tashi. Gaskiyar da za a faɗa min a ɗaki a rufe ba abin da za ta yi min, na riga na san ta.

Ranar Litinin ƙarfe tara da kwata ina lungun. Na ce wa Iya yau kujerar bakin gilashi nake so. Ta harare ni, don a wurinta ba a zaɓe, amma ta tayar da wani ta ba ni. Na goge gumin gilashin da hannun rigata don duk mai wucewa ya gan ni da kyau. Ba a yi kwana huɗu ba sai ga matar nan ta Longsight da ledar kifinta, tana tafiya tana satar kallo. Na ƙwanƙwasa gilashin da cokali, na ɗaga mata kwanon, na ce da ƙarfi, "Bismillah!" Ta ƙara sauri har ledar tana dukan ƙafarta. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma da na koma gida na tarar da falo wayam, matan da suke zuwa ɗebe min kewa duk sun janye, sai na zauna a kan matakala da takalmina a ƙafa na rasa abin da yake min daɗi. Ni ce fa mai ƙorafin sun yi yawa.

Ranar fita ta faɗo Asabar. Na ce ko ba kowa sai na yi sadakar mijina yadda ta kamata. Na dafa wake da shinkafa irin namu mai jan karan dafi, tukunya biyu, na soya kaji, na aro kujeru. Can ƙasan zuciyata ina cewa Yaya za ta zo. Za ta zo da ɗaurarriyar fuska, ta tsefe min kai da mugunta, amma za ta zo. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na ɗaga labule. Mutum uku suka zo: wata Bakanuwa da muke aikin kicin tare, da wata Kirista 'yar Jos da ke gidan kusa da namu, da ƙawar 'yata. Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Shinkafa ta huce.

Sai na ce wa 'yata ta ɗauko mataji. Ta zauna a kan kujera, na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta tsefe min kai. Tana tsifa tana kuka, ni ko ɗigo. Na haɗa ruwana da kaina na yi wanka, na buɗe akwati na ɗauko atamfata ta sallar bara, na sa kwalli, na fesa turare. Na fito falo na tsaya a gaban mutum huɗu da kujeru ashirin da ba kowa a kai, na ce, "Na riƙe amanar mijina da ransa da bayan ransa. Allah shaida ne." Muryata ta yi rawa a ƙarshe, na ji haushin hakan. Bakanuwar ta rangaɗa guɗa ita kaɗai. Muka kwashe abincin muka kai masallaci. Da na je shago ranar Litinin cikin atamfa, Iya ta dube ni ta ɗaga gira, ta dire min fanke biyu maimakon ɗaya, ta ce in yi sauri akwai masu jira.

Ban ƙara kwana ɗaya ba, kuma ban daina shan kununa ba sai da tsufa ya sa Iya ta rufe shagon 'yan shekaru bayan haka. Amma a wurin Yaya ban fita ba. Duk inda muka haɗu, suna ko biki, Manchester ko Birmingham, sai ta bari mata sun taru, sannan ta yi min gaisuwar da ake yi wa mai zaman makoki: "Amarya, ya haƙuri?" Ina sanye da leshi da ɗan kunne fa. Shekara ɗaya, shekara uku, shekara shida. Ni kuma in washe baki in ce, "Lafiya lau, Yaya, ya yara?" in wuce ina tafasa.

Sai a wani suna a Balsall Heath. Lokacin ta tsufa sosai, ƙafa ta hana ta tashi, an zaunar da ita a kusurwa. Na je gaishe ta don kar a ce na kasa. Ta ce, "Amarya, ya haƙuri?" Ranar a gajiye nake, ban tanadar mata komai ba. Sai na ji bakina ya amsa yadda ake amsawa: "Da godiya, Yaya. Ya namu haƙurin?"

Ta kamo wuyan hannuna ta riƙe gam, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke an ba ki wata huɗu da kwana goma," ta ce. "Ni da na goya shi, kwana uku aka ba ni. Rana ta huɗu aka ce in tashi in yi wa baƙi girki."

Ban ce ta yafe min ba, don har gobe ban yi laifi ba. Ita ma ba ta faɗi kalmar da na jira ba, har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Na dai jawo kujera na zauna kusa da ita. Ana ta kiɗa da guɗa a tsakiyar falo, mu biyu muna kusurwa, ta fara ba ni labarinsa yana yaro a Kumasi, wai har ya shekara huɗu ba ya barci sai a bayanta. Ban taɓa jin wannan ba. Na ce ta ci gaba.